Idan Kwamfuta Ta Ƙi Karanta Katin Kyamara

Katin memori shi ne ɗan ƙaramin abin da kyamarar zamani ke zuba hotuna da bidiyo a cikinsa. Wanda ya fi yawa a hannun masu ɗaukar hoto shi ne nau'in SD, wanda kamfanonin SanDisk da Panasonic da Toshiba suka fito da shi a 1999. Tsawonsa milimita 32 ne, faɗinsa 24, kuma yana da ƙane mai suna microSD, irin wanda ake sa wa waya, wanda bai wuce milimita 15 a tsaye da 11 a kwance ba. Abubuwa biyu ne a cikin kowane kati. Akwai ma'ajiyar da ke riƙe bayanai ko da babu wuta, akwai kuma wata 'yar ƙwaƙwalwa da ke kula da shige da fice, ita ce ke magana da kyamara ko kwamfuta a madadin ma'ajiyar.

Kafin hoto ya bayyana a fuskar kwamfuta, sai ya ratsa hannaye da yawa: ƙarafan da ke bayan katin, adafta idan ƙaramin kati ne, na'urar karanta kati da aka fi sani da kad-rida, kebul, kafar USB, sannan manhajar da ke tafiyar da kwamfutar. Ko ɗaya daga cikinsu ya gaza, abin da mutum zai gani ɗaya ne, wato kati ya ƙi buɗewa. Shi ya sa ƙin buɗewar kati ba hujja ba ce ta cewa hotuna sun salwanta. Sau da yawa suna nan daram, kuma abin da ya fi hallaka su shi ne gaggawar mai katin, musamman wanda ya ɗauko aikin biki ko na suna, masu hidima kuma suna ta kira a waya.

Doka ta farko, wadda duk sauran matakai ke bayanta, ita ce kada a rubuta komai a kan katin har sai an kwashe abin da ke ciki. Kada a mayar da shi kyamara a ci gaba da ɗauka, kada a tura masa wani fayil don gwaji, kada kuma a amsa wa kwamfuta idan ta nemi a yi masa fomatin, wato a share shi a sake tsara shi. A gefen hagu na katin SD akwai wani ɗan maɓalli da ake zamewa sama da ƙasa. Idan aka ja shi ƙasa, an kulle katin, ana iya karantawa amma ba a iya rubutawa. Yana da kyau a kulle shi kafin a fara kowane bincike. Sai dai maɓallin nan roba ce kawai, ba ta haɗe da komai a cikin katin, kad-ridar ce ke jin inda take ta kuma sanar da kwamfuta. Rida marar inganci tana iya ƙin kula da shi, haka kuma maɓallin da ya saki yana iya zamewa da kansa lokacin da ake tura katin, sai kwamfuta ta riƙa cewa kati a kulle yake alhali ba wanda ya kulle shi.

A fara da abin da ido ke gani

Binciken yana farawa ne daga waje, domin nan ne matsala ta fi yawa, nan ne kuma gyara ya fi araha. A juya katin a dubi ƙarafan nan masu ruwan zinare a wuri mai haske. Na SD na yau da kullum guda tara ne, na microSD takwas, masu saurin gaske kuma suna da layi na biyu a ƙarƙashin na farko. Gumin hannu da maiƙo da ƙurar hunturu suna taruwa a kansu har su hana su taɓa na ridar yadda ya kamata. Ana goge su da busasshen ƙyalle mai laushi, irin na goge tabarau. Idan daskararren datti ne, sai a ɗiga sifirit kaɗan a auduga a goge, a bari ya bushe sarai. Ba a kankarewa da reza ko allura, ba a kuma hura wa kati iska da baki, domin danshi ake ƙara masa.

Tsakanin ƙarafan akwai wasu siraran katangu na roba. A tsohon katin da ya sha shiga da fita, ɗaya daga cikinsu takan karye ta kwanta a kan ƙarfe, sai ta tare hanya. Ana iya cire ta a hankali da hantsaki. Haka nan akan samu katin da jikinsa ya fara rabewa biyu daga gefe. Irin wannan kada a tura shi da ƙarfi, don yana iya maƙalewa a cikin rida ko kyamara, gyaran kyamarar kuwa ya fi kuɗin katin nesa ba kusa ba.

Adaftar da ake sa microSD a ciki don ya zama girman SD ita ce mafi rauni a duk jerin. Babu wata na'ura a cikinta sai siraran ƙarafa da ke saurin sakin jiki, saboda haka sauya ta shi ne gwaji mafi sauƙi. Masu amfani da tsohon nau'in CompactFlash, wanda SanDisk ya fitar a 1994 kuma har yanzu yana cikin wasu tsofaffin manyan kyamarorin Canon da Nikon, tasu matsalar daban ce. Katin yana da ramuka 50, ridar kuma tana da tsinkaye 50 da ke shiga cikinsu. Idan aka haska tocila cikin ridar aka ga tsinke ɗaya ya lanƙwashe ya kwanta, an gano mai laifi, kuma bai kamata a sake sa wani kati a cikinta ba.

Bayan haka sai gwajin musanye, wanda shi ne ke raba gardama. A sa wani katin da aka san lafiyarsa ƙalau a ridar nan. Idan shi ma ya ƙi, laifin na rida ne ko kebul ko kafar USB. A kai katin da ake zargi wata ridar, ko wata kwamfutar. A kwamfutar tebur, kafofin da ke baya sun fi na gaba aminci, saboda a jikin babban allon na'urar suke kai tsaye. Abin da ake so shi ne a sauya abu ɗaya a lokaci ɗaya, domin wanda ya sauya rida da kebul da kwamfuta gaba ɗaya ba zai san wanne ne ya gaza ba, kuma zai sake faɗa wa matsalar gobe.

Idan kyamarar da ta ɗauki hotunan tana nuna su a fuskarta, to an samu sauƙi. Sai a bar katin a cikinta, a haɗa ta da kwamfuta da kebul, a kwashe ta nan. A tabbata batirin ya cika, a kuma tabbata kebul ɗin na tura bayanai ne, don akwai kebul da yawa a kasuwa da caji kaɗai suke yi.

Lokacin da kati ya fi ƙarfin rida

Akwai wani dalili da kan ruɗa mutane, domin komai lafiyarsa ƙalau amma abu ya ƙi. Katunan SD kamanninsu ɗaya a ido, amma zuriya-zuriya ne. Na asali ba ya wuce gigabait 2. A 2006 aka fito da SDHC, wanda ke kaiwa gigabait 32. A 2009 aka fito da SDXC, daga sama da gigabait 32 har zuwa terabait 2, sannan a 2018 aka sanar da SDUC mai ɗaukar fiye da haka. Sabuwar rida tana karanta tsofaffin katuna, amma tsohuwar rida ba lallai ta gane sabo ba. Wanda ya sayi kati mai gigabait 64 ko 128 ya sa a ramin tsohuwar laftof da aka ƙera kafin zuwan SDXC, zai iya ganin shiru. Maganin wannan sabuwar rida ce ta USB da aka rubuta SDXC a kwalinta.

Tsarin da ake jera fayiloli a cikin katin shi ma ya bambanta. SDHC yana zuwa da tsarin FAT32, wanda kusan kowace na'ura ta sani, sai dai fayil ɗaya ba ya wuce gigabait 4 a cikinsa, dalilin da ya sa dogon bidiyo ke fitowa gunduwa-gunduwa. SDXC kuma yana zuwa da exFAT na kamfanin Microsoft. Windows XP ba ta gane exFAT sai an ƙara mata wani sabuntawa, kwamfutocin Apple sun fara gane shi daga Mac OS X 10.6.5, tsofaffin Linux su ma sai an girka musu ƙarin manhaja. Tsohuwar kwamfutar da ba ta san tsarin ba za ta ce katin yana buƙatar fomatin, alhali ba abin da ya same shi. A ɓangaren manyan kyamarorin bidiyo, katin XQD da na CFexpress nau'in B girmansu ɗaya, amma ridar ɗaya ba dole ta karanta ɗayan ba.

Akwai kuma katin da aka ciro daga waya. Tun daga Android 6.0, wasu wayoyi suna ba da damar a mayar da microSD wani ɓangare na ma'ajiyar wayar. Idan aka zaɓi haka, wayar tana rufe bayanan da mabuɗin sirri wanda ita kaɗai ke riƙe da shi. Babu kwamfutar da za ta karanta wannan kati, sai dai a mayar da shi wayar a kwashe ta kebul.

Abin da kwamfutar ke gani

Idan an kawar da zargin rida da kebul, sai a tambayi kwamfutar abin da take gani. A Windows, ana danna maɓallin dama na linzami a kan alamar Start a zaɓi Disk Management. A Mac, takwaransa shi ne Disk Utility. Abin da ya fito a nan shi ke nuna girman matsalar.

Wani lokaci katin yana bayyana da cikakken girmansa, tsarinsa FAT32 ko exFAT, amma ba shi da harafi irin E ko F da Windows ke ba kowace ma'ajiya. Wannan ita ce mafi sauƙin matsala. Ana danna dama a kansa, a zaɓi wurin sauya harafi, a ba shi wanda ba a amfani da shi, nan take sai ya fito. A lura cewa katin gigabait 64 yakan nuna wajen 59 a Windows. Wannan ba alamar cuta ba ce, bambancin lissafi ne tsakanin masu ƙera kati da manhajar.

Wani lokacin kuma girman daidai ne, amma a wurin tsari an rubuta RAW, ko an nuna filin a matsayin wanda ba a raba ba, sannan wani akwati ya fito yana cewa sai an yi fomatin kafin a yi amfani da katin. A nan ne aka fi tafka asara, don haka ya kamata a fahimci abin da ya faru. A farkon kowane kati akwai wani jadawali da ke riƙe sunan kowane fayil da wurin da yake kwance. Kamar sito ne da littafin rajistarsa: idan littafin ya yage, mai gadi ba zai iya nuna inda kayan kowa suke ba, amma buhunan suna nan a jibge. Jadawalin yakan lalace idan aka zare kati kyamara tana tsakiyar rubutu, ko batiri ya mutu ana ɗaukar bidiyo, ko aka ɗauke wuta ana cikin kwafa a kwamfutar tebur, ko aka riƙa yawo da kati ɗaya tsakanin kyamarori daban-daban ba tare da an yi masa fomatin ba. Amsar da ta dace da wannan akwati ita ce a'a.

Yanayi mafi muni shi ne a ga an rubuta No Media duk da katin yana ciki, ko a ga girmansa ya koma sifiri ko 'yan megabait, a rida fiye da ɗaya. Wannan yana nuna 'yar ƙwaƙwalwar katin ta daina amsawa, kuma babu manhajar da za ta ceto abin da kwamfuta ba ta gani. Idan katin yana yin zafi sosai da zarar an sa shi, a cire shi nan take, kada a sake gwadawa. Abin da ya rage shi ne ƙwararrun masu ceto bayanai, waɗanda ke karanta ma'ajiyar kai tsaye da kayan aiki na musamman. Aikin yana da tsada, ya fi wuya a microSD saboda komai a dunƙule yake cikin jiki ɗaya, kuma katin da ya tsage ta tsakiyar ma'ajiyarsa ba shi da magani.

Kati ya buɗe, amma ba komai a ciki

Wannan ma ya zama ruwan dare, kuma sau da yawa ba lalacewa ba ce. Kyamarori suna ajiye hotuna a folda mai suna DCIM, amma bidiyo ba koyaushe yake can ba. Kyamarorin Sony da Panasonic masu ɗauka a tsarin AVCHD suna ɓoye shi can cikin foldar PRIVATE, sai an bi ta AVCHD da BDMV kafin a iske shi a STREAM. Haka kuma hotunan da aka ɗauka ɗanye, irin CR2 da CR3 na Canon, NEF na Nikon da ARW na Sony, tsohuwar kwamfuta ba ta nuna su sai da manhajar da ta san su.

Sai kuma bairos ɗin nan da ya addabi shagunan wanke hoto da na buga takardu, inda kwamfuta ɗaya ke karɓar filas da katunan mutane iri-iri daga safe zuwa dare. Yana ɓoye foldoji na gaskiya ya ajiye na bogi masu 'yar kibiya a gindinsu. Alamarsa ita ce kwamfuta ta nuna katin a cike amma ba a ganin fayil. Kada a danna na bogin, domin danna su ne ke tayar da bairos ɗin. A umarci Windows ta nuna ɓoyayyun fayiloli har da waɗanda take karewa, a kwashe DCIM zuwa wani wuri, a bincike ta da manhajar kashe bairos. Kulle kati kafin a miƙa shi a irin waɗannan shaguna yana rage wannan haɗari ƙwarai.

Ceto hotuna

Idan jadawali ne ya lalace, hanya mafi aminci ita ce a fara ɗaukar kwafin katin gaba ɗayansa, tun daga farko har ƙarshe, a matsayin fayil guda, sannan a yi aikin ceto a kan kwafin. Win32 Disk Imager yana yin wannan a Windows, ddrescue kuma a Linux, wanda ya fi dacewa da katin da ke yankewa, domin yana tsallake wuraren da suka ƙi karantuwa ya dawo musu daga baya. Hikimar ita ce katin da ya fara mutuwa ba a san sau nawa zai sake amsawa ba.

Daga nan sai manhajar ceto. PhotoRec, wadda Christophe Grenier ɗan Faransa ya rubuta, kyauta ce, kuma ba ta dogara da jadawalin ba sam. Tana bin katin daki-daki tana neman alamar da kowane irin fayil ke farawa da ita. Hoton JPEG, alal misali, kullum yana farawa da lambobin FF D8. Fuskarta ba ta da ado, sunayen fayiloli na asali ma ba sa dawowa, amma a wajen hotuna tana aiki ƙwarai. Recuva ta fi sauƙin sarrafawa ga sabon shiga, ta kuma fi amfani idan goge hotunan aka yi bisa kuskure. Ko wacce aka zaɓa, a ajiye abin da aka ceto a kan kwamfuta, ba a kan katin ba, in ba haka ba sabon zai hau kan wanda ba a kai ga cetowa ba. Masu tallata manhajoji masu tsada a intanet suna da yawa, kuma bai kamata a biya ko kwabo ba kafin manhajar ta nuna hotunan da ta gano suna buɗewa.

Bidiyo ya fi hoto wahalar dawowa. Sau da yawa a warwatse yake a cikin katin, kuma fayilolin MP4 da MOV suna da wani bayani da kyamara ke rubutawa sai lokacin da aka tsayar da ɗauka. Idan batiri ya mutu kafin nan, fayil ɗin zai fito da girmansa amma ya ƙi kunnuwa. Akwai manhajojin da ke gyara shi ta hanyar kwaikwayon wani lafiyayyen bidiyo da kyamarar ta ɗauka da saiti iri ɗaya.

Ana yawan ba da shawarar a yi amfani da umarnin chkdsk na Windows. Yana gyara ƙananan kurakurai, amma rubutu yake yi a kan katin, kuma yakan datse fayiloli ya tara gutsattsarinsu a wata folda mai suna FOUND.000. Wurinsa bayan an kwashe hotuna ne. Wanda kuma ya riga ya yi fomatin kada ya yanke ƙauna. Fomatin na gaggawa jadawali kawai yake sabuntawa, hotunan suna nan muddin ba a ɗauki wasu a kansu ba. Cikakken fomatin na Windows, tun daga Vista, yana shafe katin duka, haka ma fomatin mai zurfi da wasu kyamarori ke yi, bayan su kuwa babu abin da ke dawowa.

Jabun kati da katin da ya tsufa

Akwai katin da tun daga shago da cutarsa ya zo. An rubuta gigabait 128 a jikinsa, kwamfuta ma haka take nunawa, amma ainihin ma'ajiyarsa ba ta wuce 8 ko 16 ba, an dai yi wa ƙwaƙwalwarsa dabara ne ta riƙa faɗin ƙarya. Yana aiki lafiya har sai ainihin wurin ya cika, daga nan duk abin da aka ɗauka ya tafi a banza, ko ya hau kan na farko. Alamarsa sau da yawa ita ce hotunan farkon taro suna buɗewa, na ƙarshe kuma suna da suna da girma amma ba sa buɗewa. Babu mai iya ceto waɗannan, domin ba a taɓa ajiye su ba. Manhajar H2testw, wadda aka rubuta wa mujallar c't ta Jamus, tana cika sabon kati da bayanai ta sake karantawa ta faɗi gaskiyar girmansa, F3 kuma tana yin haka a Linux da Mac. Duk mai cin abinci da kyamara ya kamata ya yi wa sabon kati wannan gwaji kafin ya fita aiki da shi, kuma arahar da ta wuce hankali ita ce alamar farko ta jabu.

Katin gaskiya ma yana da iyaka, domin kowane gurbi a ma'ajiyarsa yana da adadin rubutu da gogewar da zai iya jurewa. Wasu katunan idan sun kusa ƙarewa sukan kulle kansu: ana karantawa, amma ba a gogewa, ba a fomatin, ko an goge hoto sai ya dawo. Wannan dama ce ta ƙarshe ta kwashe kaya.

Bayan an ceto hotuna an kuma tabbatar suna buɗewa a wuri biyu, sai a yi wa katin fomatin a cikin kyamarar da za ta yi aiki da shi, domin ita ta san foldojin da take buƙata. Idan kyamarar ta ƙi, ƙungiyar SD Association tana da manhajarta ta kyauta mai suna SD Memory Card Formatter, wadda ta fi fomatin na Windows dacewa da waɗannan katuna. Daga nan a gwada shi da H2testw. Idan ya wuce gwajin, kuma an san dalilin matsalar farko, kamar zarewa ana rubutu ko mutuwar batiri, ana iya ci gaba da amfani da shi, tare da jiran fitilar kyamara ta daina ƙiftawa kafin a buɗe murfi, da sallamar kati a kwamfuta kafin a zare. Wanda kyamararsa ke da ramin kati biyu ya saita ta ta riƙa rubutawa a duka biyun lokaci guda. Katin da ya nuna kuskure a gwajin kuwa, ko ya sake lalacewa ba tare da wani dalili ba, a yi masa alama a fitar da shi daga jakar aiki, kada a sake ɗaukar hidimar kowa da shi.